Mata Marubuta na Ƙasar Sakkwato: Abin da Muka Gano a Dogon Hutu

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron ɗalibai, a madadin waɗanda suka yi aikin bincike a lokacin dogon hutu)

 



Kafin mu ce komai, wajibi ne mu gode wa ƙungiya da ta ba mu wannan fili. Mu dai ɗalibai ne, ko digirin farko ba mu kammala ba, saboda haka kada a saurari jawabin masana daga bakinmu. Rahoton 'yan aike muka kawo. An aike mu, mun je, mun gani, ga shi mun dawo mu faɗi abin da muka tarar. Inda aka ji daidai, daga malamanmu ne da tsofaffin da suka karɓe mu. Inda aka ji kuskure kuwa namu ne, sai a gyara mana.

Mafarin aikin

Kowa ya sani idan dogon hutu ya zo, 'yan'uwanmu masu karatun kimiyya da aikin gona da injiniya sukan bazu cikin masana'antu da gonaki da ɗakunan gwaje-gwaje a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda ake gudanarwa a ƙasar nan tun shekarun 1970. Mu kuwa masu nazarin harshe da adabi da tarihi sai mu ɗaure kayanmu mu koma gida, kamar dai sana'armu ba ta da maƙerar da ake zuwa a koyi riƙon guduma. To, a hutun da ya wuce wata malamarmu ta tara mu shida, mata huɗu da maza biyu, ta ce tana so mu ba ta mako takwas. Kuɗin mota da na takardu daga aljihunta suka fito, Allah ya saka mata da alheri. Tambaya ɗaya ta ɗora mana: su wane ne matan ƙasar Sakkwato da suka yi rubutu, kuma ina rubutun nasu yake a yau?

Ba ta rufe baki ba muka amsa gaba ɗaya da cewa ai Nana Asma'u ce. Ta ce madalla, sai kuma wa? Muka yi tsit. Ta ce to, a bar wannan, ita Nanar da kuka sani, a kawo sunayen waƙoƙinta guda uku. Mu shida muka haɗa kai, da ƙyar muka samo biyu. Alhali kuwa dukanmu a inuwar sunan nan muka tashi. Akwai makarantu masu sunanta, akwai ɗakunan kwanan ɗalibai mata masu sunanta, a cikinmu ma akwai takwararta. Ran nan muka gane cewa ana iya girmama mutum a allon ƙofar makaranta, a kuma manta da shi a cikin aji.

Nana Asma'u da aikinta

Mako biyu na farko mun yi su ne tsakanin Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo na jami'armu da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a cikin gari. Bari mu taƙaita abin da muka karanta, domin shi ne harsashin sauran maganar.

An haifi Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ɗegel a 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha wahalar shekarun jihadi tare da sauran Jama'a. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta rasu a 1864, an binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Abin da ya iso gare mu na rubuce-rubucenta ya kai kimanin 60, da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma kowane harshe da mutanen da take nufi da shi. Larabci na malamai ne, Fulatanci na dangi da mutanen gida, Hausa kuwa ta talakawan gari da na ƙauye.

Ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci a 1820, tana ƙasa da shekara 30. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani cikin waƙa domin mai koyo ya riƙe su a jere. Ta waƙe tarihin Shehu da gewayen da Jama'a suka yi da Fulatanci, daga baya ƙanenta Isan Kware ya mayar da ita Hausa, ita ce Waƙar Gewaye. Ta yi waƙa a kan yaƙin Gawakuke na 1836. Ta mayar da waƙar Shehu ta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu riƙe da mulki da shari'a a kan zalunci da cin amanar talakawa.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne marsiyyoyinta. Ta yi wa Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne, manyan mutane ne. Sai dai ta kuma yi wa maƙwabciyarta Halima. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wajen mata masu naƙuda, take wankan gawa, take koyar da na ƙasa da ita. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajojinta. A waƙarta ta Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta tsara da Hausa a 1837 bisa wani littafi na Bello, bayan matan Annabi da 'ya'yansa da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, akwai sunayen malamai mata na Jama'ar Shehu, irin su Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu da Amina Lubel da Habiba. Watau aikin nan da aka aike mu, na tsare sunayen mata kada su ɓace, ita ce ta fara shi kusan shekara 190 da suka wuce. Mu ne muka yar da shi.

Sannan ga tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata amintattu daga garuruwa, ta naɗa su jajoji da malfa da jan rawani. Su ke jagorantar ayarin tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su koyar da matan aure da ba su iya barin ɗakunansu. A tsarin nan takarda ɗaya takan isa gari guda, domin sauran kofen duk a ka suke. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ba ita kaɗai ba ce

Da muka ci gaba da bincike sai muka tarar cewa 'ya'yan Shehu mata da aka san sun yi rubutu ba su tsaya ga Asma'u ba. Akwai Hadiza, da Faɗima, da Hafsatu, da Safiya, da Maryamu. Hadiza ita ce matar Malam Musɗafa, mahaifiyar shahararren malamin nan Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, kuma ita ake danganta wa fassarar Muhtasar na Halilu zuwa Fulatanci. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami da littafin nan ya san wannan ba aikin wasa ba ne. Maryamu kuwa ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, bayan rasuwarsa a 1846 ta komo gida, ta yi waƙoƙi, kuma ita ta riƙe 'Yan Taru bayan Asma'u. Bayanta sai Tamodi, jikar Shehu. A ƙarni na 20 kuma ga Modibbo Kilo, wadda ta rayu daga 1901 zuwa 1976, malama kuma marubuciyar waƙoƙi, wadda Farfesa Sa'adiya Omar ta rubuta littafi a kan rayuwarta da ayyukanta.

Wannan bai faru da ka ba. Tun kafin jihadi Shehu yana barin mata su halarci wa'azinsa, har wani malamin Barno, Musɗafa Goni, ya soki abin, Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar masa da amsa cikin waƙa, kamar yadda ya kawo a Tazyinul Waraƙati. A Nurul Albabi kuma Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Gidan da aka yi wannan magana ba zai fitar da marubuciya ɗaya tak ba.

Me ya binne su?

To, in haka ne, yaya aka yi ɗalibin jami'a a birnin Shehu bai san su ba? Mun ga dalilai huɗu.

Na farko, canjin rubutu. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sannu a hankali boko ya zama rubutun ofis da makaranta da ɗab'i. Abin da ke cikin ajami ya koma gafaka, mu kuma aka tashe mu ba mu iya buɗe ta.

Na biyu, tarihin adabin da aka koya mana a sakandare ya fi ƙarfi ne daga gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Duk maza ne suka rubuta su, domin su aka fara kaiwa makarantar boko. Sai a 1980 aka buga ƙagaggen labarin mace da Hausa, watau So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, shekara 47 bayan gasar. A 1983 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Alƙalami a Hannun Mata, waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu. Daga nan aka samu su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da ɗimbin marubutan da suka biyo bayansu. Yaron da ya bi wannan jeri sai ya ɗauka jiya-jiya mace ta fara riƙe alƙalami a ƙasar Hausa, alhali ta riƙe shi fiye da shekara 100 kafin a kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Na uku, harshe. Kaso mai yawa na rubutun matan gidan Shehu da Fulatanci yake, da yawa daga cikin jikokinsu na birni kuwa ba su jin sa a yau.

Na huɗu, kunya da alkunya. Malama ba ta cika buga ƙirji da sunanta ba, a gida ma ba a kiran sunan. Goggo ce, ko Inna, ko Modibbo. Mai bincike kuma galibi namiji ne, iyakarsa zaure, kuma abin da maigida ya sani shi zai rubuta.

Ba mu ce ba a yi komai ba. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, jinin Giɗaɗo da Asma'u ne, ya adana takardunta, ya kuma buɗe taskarsa ga masu nazari. Bello Sa'id ya tattara waƙoƙin masu jihadi a kundinsa na 1978 a Jami'ar Bayero. Jean Boyd, Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a Amurka a 1997, littafi mai shafi fiye da 700. Waɗannan sun yi nasu. Amma hasken ya taru a kan mutum ɗaya, na kusa da ita suna cikin inuwa, na bayan gari kuwa ko inuwar ba su samu ba.

Abin da muka tarar a cikin gidaje

A mako na uku muka shiga gari. An yi mana kwatancen wata tsohuwa a wata unguwa da ba ta da nisa da Hubbare, wadda mata ke zuwa ɗaukar karatu wurinta. Ta nemi kada a ambaci sunanta a taro, kuma mun yi mata alkawari. Mazan cikinmu suka tsaya a zaure, matan suka shiga da takardar tambayoyi da muka kwana muna tsarawa. Bayan gaisuwa ɗayarsu ta ce, "Inna, mun zo neman labarin mata marubuta ne."

Tsohuwa ta dube su ta ce, "Marubuta? Ɗiyana, wanga gida ba ofis na ba. Mu nan karatu muka yi."

Aka yi ta juya tambaya, amsa ɗaya ce. Har sun fara shirin sallama, sai ɗaya daga cikinsu, don kada a tashi hannu wofi, ta rera farkon wata waƙar wa'azi da ta ji a bakin kakarta tana yarinya. Baiti biyu ta sani. Inda ta tsaya nan tsohuwa ta ɗauka, ta yi ta ja ba tuntuɓe har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ashe waƙe kuka biɗa. Mi ah hana ku hwaɗi tun ɗazu?" Ta sa aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado, aka fito da gafaka biyu.

Jama'a, a nan muka ji kunyar da ba mu taɓa ji ba. Aka miƙa wa ɗaliban jami'a huɗu takarda da Hausa, harshen da suke nazari, suka kasa karanta layi ɗaya har ƙarshe. Dukanmu mun yi Islamiyya, amma da bugun Alƙur'ani na ruwayar Hafsu muka saba. Wannan kuwa hannun malaman ƙasar nan ne, na masu karatun Warshu. Harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama, ga wani ɗigo mai kauri a ƙarƙashin harafi da ke ba da wasalin e. Wata jikanyar tsohuwar, wadda ko sakandare ba ta gama ba, ita ta karɓa ta karanta mana.

A cikin takardun akwai kofen waƙoƙin da aka sani na gidan Shehu. Amma akwai wata mai baiti 54, a kan haƙƙin maƙwabtaka da ladabin zuwa gidan biki da gidan mutuwa, wadda ba mu ci karo da ita a ko ɗaya daga cikin jerin da muka karanta ba. Da aka fito da ita zaure, maigidan, wanda ɗan ƙanen tsohuwar ne, ya ce ai wannan ta Malam ce, kakansu, kowa ya san hannunsa. Aka koma aka gaya wa tsohuwa. Ta yi dariya ta ce, "Hannun Malam na, amma bakin Goggo na. Ina zaune tana hwaɗi shina rubutawa." Goggon nan ƙanwar Malam ce, ta yi shekaru tana karantar da matan unguwa. Muka koma ga takardar. A baitocin ƙarshe, inda mai waƙa ke neman gafara, ta kira kanta baiwa, ba bawa ba, ta kuma ce ita ɗiyar wane ce. Shaidar tana nan a rubuce shekara da shekaru, ba wanda ya bi waƙar har ƙarshe da wannan tambaya a ransa. Shi kansa maigidan ya yi mamaki, kuma, Allah ya saka masa, bai yi gardama ba.

Da muka nemi izinin ɗaukar hoton takardun da waya, tsohuwa ta kafa sharaɗi. Ta ce, "Takarda gara ka ci, wayarku kuma ɓarawo ka ɗauka, ko ta hwaɗa ruwa. Wadda taz zauna ga kai ita ka daɗewa." Sai ɗayarmu ta haddace waƙar Goggo tukuna. Da farko mun ɗauka rigimar tsufa ce. Daga baya muka tuna cewa tsarin 'Yan Taru ke nan, kuma da shi waƙoƙin nan suka ƙetare zamanin Turawa har suka iso gare mu. Biyu daga cikinmu suka yi mako uku suna zuwa kullum bayan la'asar. Ranar da suka kawo ta ba gyara, ranar aka ba mu izini. Suna cikin zauren nan yanzu.

Ba kowane gida muka dace haka ba. A wani gida mun tarar an yi rabon gado. Da yake littattafanmu na dā ba a ɗinke su, warwara ce a cikin tadarishi, sai aka raba ganyen littafi ɗaya tsakanin magada uku, ɗaya ma ba ya ƙasar. A wani gidan aka buɗe mana adakar wata malama da ta rasu, ɗakin ya yi yoyo damina biyu, gara ta gama da sauran. A wani kuma ko zama ba a ba mu ba. Dattijon gidan ya ce shekarun baya wani mai bincike ya zo da daɗin baki, ya ari takardun mahaifiyarsa da alkawarin mako ɗaya, har yau. Ba mu ga laifinsa ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mun so kuma mu kai Wurno da Salame da Ɗegel, amma rashin tsaro a wasu hanyoyi a lokacin ya sa iyayenmu da malamarmu suka hana. Ku tuna, ranar da mutanen ƙauye suka gudu da dare, ba gafaka ake fara ɗauka ba.

Ɗan abin da muka koya na sana'ar

Aikin nan yana da ƙa'idojinsa kamar kowace sana'a. Mun koyi ɗaga takarda a hasken rana don ganin tambarin da ke cikinta. Takardun da aka fi amfani da su a nan a ƙarni na 19 suna da alamar jinjirin wata uku, daga arewacin Italiya ake yin su, fatake su ƙetaro Sahara da su. Mun koyi jera ganyen da ya hargitse ta bin kalmar da magwafi ke rubutawa a gindin shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Mun koyi warware ramzi, watau shekarar da mai waƙa ke ɓoyewa cikin haruffa a ƙarshen waƙarsa. A lissafin malamanmu shin 1000 ne, ra 200, fa 80. In ka haɗa ukun ka sami 1280, shekarar Hijira da Asma'u ta rasu. Da wannan hanya muka gane cewa an yi waƙar Goggo kafin samun mulkin kai a 1960, abin da ya dace da shekarun tsohuwar da ta ba mu labari. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da muka taɓa yi da hannunmu a aji.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Amurka, marubuciyar nan baƙar fata Zora Neale Hurston ta rasu cikin talauci a 1960, aka binne ta ba ko alama, littattafanta suka ɓace daga kasuwa. A 1973 wata matashiyar marubuciya, Alice Walker, ta je ta nemi maƙabartar, ta kafa alama, ta yi rubutu a kanta a 1975. Yau ana karanta Hurston a makarantunsu. A Timbuktu kuma, a watan Janairu na 2013, 'yan bindiga sun ƙone takardu a Cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawan taskar garin ta tsira, domin iyalai da ma'aikata sun riga sun kwashe ta a cikin akwatuna zuwa Bamako. A duka wuraren biyu mutane ne ƙalilan suka tashi da ƙafarsu tun kafin hukuma ta motsa.

Roƙonmu

Saboda haka muna da roƙo guda biyar.

Na ɗaya, ga ƙungiya. Muna roƙo ta kai kuka ga hukumar jami'a a mayar da irin wannan aikin hutu tsayayyen shiri ga ɗaliban harsuna da tarihi, da ɗan guzurin mota. Bai kamata abin ya dogara ga aljihun malama ɗaya ba. Kafin hukuma ta amsa, ko kaɗan daga abin da muke kashewa a liyafar ƙarshen shekara zai tura ɗalibai goma cikin gari.

Na biyu, a buɗe ajin koyon ajami da maraice, a ɗauko malamin zaure ya koyar, a biya shi haƙƙinsa. Mako shida sun ishe mu fara karatu, ko da da sassarfa ne.

Na uku, mu kafa wa kanmu doka. Ba a fita da takardar asali daga gida. Ba a ɗaukar hoto ko murya sai da yardar masu abu. Duk abin da aka juya zuwa boko a mayar musu da kofe, a karanta musu su gyara. A rubuta sunan wadda ta yi waƙa in iyalinta sun yarda, da wanda ya rubuta, da wadda ta rera, kowa da matsayinsa.

Na huɗu, ga 'yan'uwanmu mata. Aikin nan a hannunku yake. Mazan cikinmu sun yi mako biyar suna shan fura a zaure, duk abin da aka samo daga cikin gida ya fito. Ga 'yan'uwa maza kuma, in ƙanwarku ko matarku ta ce za ta irin wannan aiki, ku raka ta, kada ku tare mata ƙofa. Kowannenmu, ko daga Gwandu yake, ko Argungu, ko Katsina, ko Zariya, ko Maraɗi, in ya je gida hutu ya durƙusa gaban kakarsa ya tambaye ta wace waƙa ta haddace, kuma wa ya koya mata. Kada ya ce mata yana neman marubuta, mun riga mun yi masa wannan kuskuren.

Na biyar, ga yayyenmu ma'aikata. Wasunku suna ma'aikatar ilimi, wasu gidan rediyo, wasu ƙananan hukumomi. Gobe ku za ku zauna a kwamitin zaɓen littattafan makarantu, ku za ku tsara shirye-shiryen da matan karkara ke saurare, a teburinku takardar neman kuɗin gyaran ɗakin adana tarihi za ta kwana ko ta wuce. Muna roƙo in ta iso ku tuna da adakar da ruwa ya ci. Muna kuma ba ku shawara ku nemi Tabbat Haƙiƙa ku karanta, domin da masu riƙe da amanar jama'a take magana.

Kammalawa

Shugaban taro, a ranar farko an tambaye mu, bayan Nana sai wa, muka rasa amsa. Yau muna iya kawo Hadiza da Maryamu da Tamodi da Modibbo Kilo, muna kuma iya kawo wata Goggo da ba ta cikin kowane littafi. Mako takwas ne kawai, a unguwanni kaɗan na gari ɗaya. Tsohuwar da ta karɓe mu ta haura shekara 80. Da muka je sallama ta ce akwai gafaka ta uku, amma sai mun komo da wadda za ta ɗauki abin da ke ciki da ka. Mun ce mata in Allah ya yarda za mu komo a hutu mai zuwa, kuma ba mu shida kaɗai ba. Wanda ke so ya bi mu, takardar rubuta suna tana wurin sakataren ƙungiya.

Allah ya jiƙan magabatanmu maza da mata, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.